Kalmar shekara: yaya ake roƙonta, yaya kuma ake gane ba son zuciya ba ce?

Rifkatu:
Salama 'yan'uwa. Disamba ta kama, an fara maganar kalmar shekara a Zumuntar Matasa da ta Mata. Wai mutum ya yi addu'a ya fito da kalma ɗaya tak, kamar haƙuri ko biyayya, ya riƙe ta daga Janairu har Disamba. Iyayenmu da malamanmu da ke zauren nan, a taimaka mana da bayani dalla-dalla. Ta ina ake farawa, kwana nawa ake ɗauka, kuma yaya mutum zai bambanta abin da Ubangiji yake nuna masa da abin da ransa kawai yake kwaɗayi?

Malam Istifanus:
'Yar'uwa, fara da gyara lokaci. Kada ki bari sai daren 31 ga wata. Daga wajen 20 ga Disamba ba mai natsuwa, ga tafiya gida, ga bukukuwan aure, ga gwajin waƙoƙin Kirsimeti, ga baƙi da girki. Ko dai ki yi a makonni biyu na farkon Disamba, ko ki jira hayaniya ta lafa ki yi a farkon Janairu.

Kwana bakwai zuwa goma sun isa, minti ashirin zuwa talatin kullum, lokaci guda, wuri guda. Ki tanadi Littafi Mai Tsarki, biro, da ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta. In a waya kike karatu, ki kashe data tukuna.

Kwana biyun farko na waiwaye ne, ba a neman kalma a cikinsu. Ki buɗe da addu'ar Zabura 139:23-24, inda Dawuda ya roƙi Allah ya bincike zuciyarsa. Sai ki bi shekarar wata-wata kina rubutawa, domin in kika bar wa ƙwaƙwalwa, Oktoba da Nuwamba kaɗai za ta kawo miki, ta manta Maris. Hotunan waya da abin da kika rubuta a wa'azi za su tuna miki. Ki amsa tambaya uku a rubuce: me Ubangiji ya yi mini da ban gode ba? Wane rauni ne ya yi ta maimaituwa a halina? Wace magana ce ta yi ta dawo mini daga wa'azi, daga karatu, da bakin mutanen da ba su haɗa baki ba?

Kwana na uku zuwa na biyar karatu ne. Sashe ɗaya a rana, aya goma zuwa goma sha biyar. Ki karanta sau uku a hankali, sau ɗaya da murya. Inda zuciyarki ta tsaya, ki ja layi, ki rubuta kalmar da ayar tata. Wuraren da suka fi amfani ga mai farawa: Galatiyawa 5:16-26, Romawa 12, Kolosiyawa 3:1-17, Yakubu 1, Matiyu 5 zuwa 7. Kafin kwana na biyar ya ƙare za ki ga kalmomi biyar zuwa takwas a takarda. Kada ki zaɓa tukuna.

Kwana na shida ki rage su zuwa uku. Duk wadda ba ta da aya a gefenta ki soke. Duk wadda ba ta da alaƙa da abin da kika rubuta a waiwaye ki soke. Ukun nan ki kai wa mutum ɗaya da ya san halinki a gida, ya kuma girme ki a bangaskiya, ki tambaye shi wacce ya ga kin fi bukata. Bayan haka ki ba kanki kwana biyu ko uku na addu'a, ki tsayar da ɗaya.

Baba Dattijo Yakubu:
Malam Istifanus, tsarinka ya yi kyau, amma a nuna mini inda Ubangiji ko manzanni suka ce a nemi kalmar shekara. Bulus ya gaya wa dattawan Afisa cewa bai ɓoye musu kome daga dukan nufin Allah ba (Ayyukan Manzanni 20:27). Littattafai 66 aka ba mu. Yaro ya ɗauki "farin ciki" ya rataya a wuya, ranar da aka tsawata masa a kan zunubi sai ya ce wannan ba kalmarsa ba ce bana. Abin da ya fi damuna shi ne "Allah ya ce mini". Maganar nan tana da nauyi. Ku karanta Irmiya 23 ku ga yadda Allah ya yi da masu cewa ya faɗa alhali bai aike su ba.

Fasto Bitrus:
Baba, kun yi gaskiya a wuri biyu. Ba umarni ba ne, wanda bai yi ba bai rasa kome ba, kuma ba daidai ba ne shugaban zumunta ya tilasta wa kowa ya tashi ya faɗi tasa. Ina ajiye shi a layin Romawa 14:5-6, wato wanda ya keɓe rana ya keɓe ta ga Ubangiji, wanda bai keɓe ba kada a hukunta shi.

Sai dai abin ba yau aka fara irinsa ba. Masu zaman ibada a hamadar Masar a ƙarni na 4 sukan je wurin dattijo su roƙe shi magana guda, su tafi su yi ta aiki da ita kafin su koma neman wata. A garin Herrnhut na ƙasar Jamus, Zinzendorf, jagoran ikkilisiyar da ake kira Morabiya, ya fara ba 'yan'uwan ikkilisiyar ayar riƙewa ta yini a 1728, aka fara buga su littafi a 1731, har yau kuma ana bugawa kowace shekara. Ikkilisiyoyin Jamus suna da ayar shekara da suke tarayya a kanta, ta 2025 ita ce 1 Tasalonikawa 5:21, a gwada kome a riƙe mai kyau. John Wesley, jagoran farko na Metodis, ya yi sujadar sabunta alkawari a Landan a 1755, Metodis kuma suka mai da ita al'adar farkon shekara. Salon kalma ɗaya tak da ake yayi yanzu ya fi yaɗuwa ne daga Amurka ta intanet. Ku lura da bambancin: a Jamus aya ce sukutum, a sabon salon kuwa sau da yawa kalma ce tsirara. Nan ne tsoron Baba yake da tushe. Shi ya sa nake goyon bayan sharaɗin Malam Istifanus, cewa kalmar da ba ta da aya a soke ta.

Maganar lafazi kuma, a koya wa matasa su ce "abin da nake roƙon Ubangiji ya gina a cikina bana ke nan", ko "nan karatuna ya kai ni". Wannan gaskiya ce, kuma ya bar ƙofar gyara a buɗe.

Baba Dattijo Yakubu:
In za su tsaya a wannan lafazin, kuma karatun kullum bai tsaya ba, ba ni da faɗa. Amma na san 'yan zamani.

Mama Saratu:
Rifkatu 'yata, ga amsar tambayarki ta ƙarshe. Ki tambayi kalmar: me kike so in yi ranar Litinin da safe? In ta ba ki aiki, alama ce mai kyau. In alkawari kaɗai take yi miki, ki yi hattara. Ki saurari abin da ake faɗa a sujadar tsallaka shekara: buɗi, ɗaukaka, ƙarin girma, aure, mota, biza. Da wuya ki ji wanda ya tashi ya ce tasa tuba ce, ko biyan bashi, ko kame baki. Ba laifi a roƙi buɗi, Uba ne, a roƙe shi. Amma wannan shafin roƙo ne, a rubuta shi daban. In aka mai da shi kalmar shekara, Satumba na zuwa ba aure ba aiki, sai yarinya ta fara cewa ko Allah ya yi mata ƙarya, ko wani ya tare mata. Daga nan sai bin masu addu'ar kuɗi. Yakubu 4:13-15 ya riga ya ja kunnen masu tsara ribar shekara ba tare da "in Ubangiji ya yarda" ba.

Wata alamar kuma, cikin ukun da suka rage, wadda kike ta kauce wa kallonta, ki dube ta da kyau. Ba doka ba ce cewa sai mai ɗaci, wani mai yawan zargin kansa "hutu" ko "alheri" yake bukata. Amma wadda take sa ki jin daɗin bugawa a Facebook, ki ƙara gwada ta sau biyu.

Dauda:
Gaisuwa ga iyaye. Ina da tambaya a kan kwandon ayoyi. A wasu majami'u ana yanka takardu a rubuta ayoyi, ƙarfe goma sha biyu na yi kowa ya sa hannu ya zaro tasa. Wasu kuma a gida sukan rufe ido su buɗe Littafi, inda yatsa ya sauka shi ke nan. Ai manzanni ma sun jefa ƙuri'a a kan Matiyas, wanda ya maye gurbin Yahuza, Karin Magana 16:33 kuma ta ce hukuncin ƙuri'a daga Ubangiji yake. Baba Fasto ma kun ambaci 'yan Morabiya, su ma ai ƙuri'a suke yi.

Fasto Bitrus:
Haka ne Dauda, ayar Tsohon Alkawari ta kowace rana da ƙuri'a suke zaro ta. Amma daga cikin ayoyin da aka riga aka tace ne, wajen 1,800, sannan a zauna a zaɓo ta Sabon Alkawari da za ta haskaka ta. Kuma abin tunani ne na yini ɗaya ga jama'a duka, ba a cewa ga abin da zai sami wane bana. Ƙuri'ar Matiyas tana Ayyukan Manzanni 1:26, bayan an kafa sharaɗi, an tsayar da mutum biyu da suka cika shi, an yi addu'a. Bayan saukowar Ruhu Mai Tsarki a sura ta 2 ba a sake ambaton ikkilisiya ta yanke shawara da ƙuri'a ba.

Matsalar kwando a aikace ita ce wanda ya cika shi. Kwamiti ba zai sa ayar tsawatawa ba, kada wani ya ɓata rai a daren murna, don haka duk abin da hannu ya zaro alkawari ne. In za a yi, a kira shi ayar haddacewa, a kuma ce kowa ya je ya karanta surar gaba ɗaya cikin makon. Buɗe Littafi da ido a rufe kuwa ban yarda da shi ba sam. Ya yi kusa da duba, kuma ko a zahiri littafi yakan buɗe ne a tsakiya ko inda ya saba lanƙwashewa, shi ya sa masu yin haka kullum suna Zabura da Ishaya.

Malam Istifanus:
Bari in ƙara a kan karanta surar gaba ɗaya, don nan aka fi yin tuntuɓe. Ƙa'idar mai sauƙi ce: aya goma kafin taka, aya goma bayanta, sannan ka amsa wa ya yi maganar, ga wa, a wane hali.

Irmiya 29:11, wadda kowa yake so a Janairu, wasiƙa ce ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila. Aya ta 10 ta ce sai shekara 70 sun cika. Aya ta 5 zuwa 7 ta ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su bauta. Wanda ya ɗauki "bege" daga nan ya ɗauki kalma mai kyau, amma bege ne na mai dasa itace a inda bai so zama ba. Filibiyawa 4:13 daga kurkuku Bulus ya rubuta ta, aya ta 11 da 12 kuma suna maganar iya zama da ƙoshi da yunwa. Kalmar da take fitowa daga wurin wadar zuci ce. Habakuk 2:2, a rubuta wahayi a kan alluna, ana yawan jawo ta don tsarin kasuwanci, alhali wahayin hukunci ne a kan Kaldiyawa.

In ka tsayar da kalma, nemo ayoyi goma sha biyu da suka yi maganarta, ɗaya ga kowane wata, daga Tsohon Alkawari da Sabo. Manhajar waya tana da wurin bincike. Ka gwada rubuta kalmar da ƙugiya da kuma babu, ka kuma duba fiye da juyi ɗaya, domin tsohon juyin Hausa na 1932 da na bayansa ba kullum suke amfani da kalma ɗaya a aya ɗaya ba. Ka tabbata cikin sha biyun akwai masu umarni, ba masu alkawari kaɗai ba.

Rifkatu:
Na gode ƙwarai. To azumi fa? Wasu sun ce in ba a haɗa da azumin kwana 21 ba, kalmar ba ta sauka.

Malama Hannatu:
Ba haka ba ne. Makonni ukun daga Daniyel 10:2-3 aka ɗauko su, shi kuwa makoki yake yi, ya bar nama da ruwan inabi da abinci mai daɗi, bai daina ci gaba ɗaya ba. Mai lafiya da yake so ya haɗa da azumi, kwana ɗaya zuwa uku cikin kwanakin nema ya isa, daga shida na safe zuwa sha biyu, ko uku, ko shida na yamma. Lokacin hunturu ne, iska busasshiya, mutum ba ya jin ƙishi sosai amma jiki yana rasa ruwa, sai ciwon kai da jiri. A sha ruwa sosai kafin a fara da bayan an buɗe, a buɗe da abu mai sauƙi kamar kunu ko 'ya'yan itace kafin tuwo.

Mai ciwon suga da yake kan allurar insulin ko ƙwayoyin da suke saukar da suga, kada ya tsallake abinci sai ya yi magana da likitansa, domin suga na iya faɗuwa har ya suma. Haka mai gyambon ciki, mai juna biyu, mai shayarwa, mai sikila, da duk wanda maganinsa sai da abinci ake sha. Waɗannan su ajiye wani abu daban, kamar kallon fim ko hirar WhatsApp ta dare, su ba addu'a lokacin. Kuma Matiyu 6:16-18 na nan, ba a sanarwa.

Mama Saratu:
Yanzu ga inda yawanci suke faɗuwa. Ana zaɓa a Janairu, a rubuta da ado a manna a bango, kafin Ista an manta. Dalili shi ne ba a mai da kalmar aiki ba. A shafin farko na littafin nan a rubuta abu uku kawai: ɗaya na kullum, ɗaya na mako, ɗaya da za a gama kafin wata rana takamaimai.

Misali wadda ta ɗauki "saurare" daga Yakubu 1:19. Na kullum, ba za ta amsa saƙon da ya ɓata mata rai ba sai ta kwana. Na mako, za ta zauna da yaro ɗaya a gidan minti goma sha biyar, shi yake magana ita tana ji. Na wa'adi, kafin ƙarshen Fabrairu za ta je wurin surukarta ta ji nata ɓangaren ba tare da kare kai ba. Wanda ya ɗauki wadar zuci daga Ibraniyawa 13:5, ya rubuta duk bashin da ke kansa da sunan mai shi, ya sa ranar biyan mafi ƙanƙanta, ya daina karɓar ankon da sai ya ci bashi zai ɗinka. Abu uku sun isa. Mai rubuta goma, a mako na uku zai bar su duka.

Iyayenmu mata da ba su yi karatu ba kada a bar su a baya. Jika ya karanta musu sashen sau uku, ko a sa musu Littafi na saurare a katin waya, a tambaye su wace magana ce ta zauna musu. A Zumunta kuma a sa wa ayar murya. Abin da aka rera ana tuƙa tuwo ya fi zama a kai fiye da takardar bango.

Malama Hannatu:
Mama, a ƙara jan kunne a kan kalmomi biyu, biyayya da gafara. Matar da ake duka a gida in ta zo da "biyayya" ko "haƙuri", wanda ta kai wa shawara kada ya ce amin kawai. Ya tambaye ta lafiyarta da ta yara, a shigo da dattawa, in rai na cikin haɗari a nema mata mafaka. Gafara kuma, musamman ga waɗanda suka rasa 'yan'uwa a rikici, barin ramuwa ce ga Allah kamar yadda Romawa 12:19 ta ce. Ba ta hana kai ƙara, ba ta tilasta komawa hannun wanda bai tuba ba, kuma ba a yanka mata wa'adin wata uku.

Dauda:
In mutum ya yi kwana goman bai ji kome ba fa? Kuma in ikkilisiya ta fitar da jigon shekara, ba karo za a yi ba?

Fasto Bitrus:
Yawanci ba murya ake ji ba, Dauda, abin da ya yi ta maimaituwa ne a takardarka. In ka duba ba abin da ya fito fili, kada ka ƙago. Hanya biyu ce: ka ɗauki jigon ikkilisiyarku ka yi aiki da shi, ko ka bi 'ya'yan Ruhu tara na Galatiyawa 5:22-23, ka tambayi matarka ko abokin zamanka wanne ya fi ƙaranci a wurinka. Za ka sami amsa da wuri fiye da yadda kake so. In jigon ikkilisiya da taka kalma sun bambanta, ba karo. Na ikkilisiya shi ake bi a wa'azi da binciken Littafi, taka ta ɗakinka ce. Miji da mata kowa ya nemi tasa, sannan in suna so su tsayar da aya ɗaya ta gida wadda yara za su iya haddacewa.

Baba Dattijo Yakubu:
Abu ɗaya zan ƙara tun da kun nace. Kada a mai da shi wa'adi, wato alkawarin rantsuwa ga Allah. Mai Hadishi 5:4-5 ya ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka kasa cikawa. A ce "zan yi ƙoƙari da taimakon Ubangiji", kada a tsaya gaban bagade ana rantsuwa.

Malam Istifanus:
Daidai ne Baba. Saura bita. Lahadin ƙarshe na kowane wata, minti goma sha biyar: a karanta ayar watan, a rubuta wuri ɗaya da aka yi aiki da kalmar da wuri ɗaya da aka kasa, da kwanan wata. Sau uku a shekara, wajen Ista, ƙarshen Yuni da ƙarshen Satumba, a zauna da wanda aka kai wa shawara tun farko, a ba shi izinin faɗar abin da ya gani. A nan ake canza ayyuka ukun in sun zama jiki ko sun gagara.

Canza kalmar kanta kuwa, kada a yi don ta yi nauyi ko don an ji ta wani ta fi daɗi. A ba ta aƙalla wata uku. Amma in rasuwa ta faru, ko ciwo mai tsanani, ko aka gane an ɗauko ayar ba bisa ma'anarta ba, a koma kwana uku na karatu da addu'a a ɗauki wata. A rubuta dalilin canjin a littafin, kada a yage tsohon shafin, don za a bukace shi a waiwayen Disamba mai zuwa.

Rifkatu:
To ana faɗa wa mutane, ko a ɓoye?

Mama Saratu:
Mutum ɗaya ko biyu da za su iya tambayarki a watan Yuli, su kaɗai. In kalmar ta shafi wani, kamar gafara ko sulhu, kada ki sa ta a status, domin wanda abin ya shafa zai gane da shi kike, ya ɗauka habaici ne.